Babi na Biyar: Tabon da Ba Ya Ƙaiƙayi

Ƙaramar Hukumar Zariya mazaɓu 13 gare ta, kuma wanda ya san garin zai iya kasa su gida biyu ba tare da ya duba taswira ba. Akwai na cikin ganuwa da na bakinta, irin su Kwarbai da Ƙaura da Limancin Kona da Tudun Wada da Gyallesu. Akwai kuma na karkara, irin su Dambo da Wuciciri da Dutsen Abba, inda kwalta kan ƙare tun kafin a isa ƙauyen da aka nufa. Zariya gari ne na likitoci. A Tudun Wada Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shekara da shekaru kafin ya koma Shika a 2005. A Ƙofar Gayan akwai babban asibitin da aka sa wa sunan Hajiya Gambo Sawaba, a Wusasa kuma ga tsohon asibitin mishan. Sannan a bayan gari, ta ɓangaren Dutsen Abba, a ƙauyen Saye da ke kan tsohuwar hanyar Kaduna, akwai cibiyar da jihohin ƙasar nan ke turo ma'aikatansu su koyi aikin kuturta da tarin fuka. Tun 1991 take wannan horarwa a ƙarƙashin gwamnatin tarayya.

Duk da haka, mutum zai iya zama a ƙauyen da ɗan acaɓa zai kai shi Saye kafin rana ta take, amma ba zai taka ƙofar cibiyar ba sai yatsunsa sun ƙandare. In ana maganar yadda wasu jama'a ke samun lafiya wasu ba sa samu, hankali yakan tafi ga nisa da kuɗi, kuma gaskiya ne su biyun suna kashe mutane. To amma ga kuturta, cutar da maganinta kyauta ne, ga masananta a kusa, kuma har yau cikin sababbin waɗanda ake ganowa da ita a Najeriya, wajen mutum ɗaya cikin goma ko fiye yakan zo ne da nakasar da ido ke gani. A kowace shekara ana gano sababbin masu kuturta fiye da 2,000 a ƙasar nan. Waɗannan su ne aka ƙidaya, ban da na cikin ɗaka.

Sai an fahimci yadda cutar ke aiki kafin a gane inda zaluncin yake. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, 'yar'uwar wadda ke kawo tarin fuka, kuma wani likita ɗan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, shi ya fara ganinta a madubin likita a 1873. Tana bi ta numfashi, daga hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare kafin ta kama. Gaisawa da hannu ba ta kawo ta, haka cin abinci a kwano ɗaya na rana guda. Mafi yawan mutane, kusan 95 cikin 100, jikinsu yakan kashe ta ba tare da sun san ta shiga ba. Wanda ta samu wuri a jikinsa kuma, takan yi kamar shekara biyar ba ta nuna kanta ba, wani lokaci har ashirin.

Alamarta ta farko ba ta da ban tsoro ko kaɗan, kuma nan matsalar take. Ɗan tabo ne a fata, ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi. Mai shi zai ce maƙero ne ko ƙyasbi, ya je kemis ya sayi man shafawa. Wata uku, wata shida, tabo yana nan. Abin da ma'aikacin da aka horar a Saye zai yi bai fi minti biyu ba: zai murza auduga ta yi tsini, ya ce mutum ya rufe ido, ya taɓa fata mai lafiya, ya taɓa tabon. In ba a ji taɓawar a kan tabo ba, magana ta kusa ƙarewa. Sai ya lalubi jijiyar gwiwar hannu da ta bayan gwiwar ƙafa ya ji ko sun yi kauri, ya ɗauki bakin biro ya dinga taɓa tafin hannu da tafin ƙafa yana tambaya, «Baba, ka ji nan? Nan fa?»

Jijiyoyin nan su ne abincin cutar. In ta cinye su, hannu ya daina jin zafi, ƙafa ta daina jin ƙaya. Ba kuturta ke yanke yatsa ba, yadda muka taso muna ji. Matar da hannunta ya mutu za ta sauke tukunya daga murhu ba tsumma, ta ƙone ba ta sani ba. Manomi a Dutsen Abba zai yini yana huɗa, ƙotar garma tana goge masa tafi har ta yi bororo, bororo ya fashe, ya ci gaba da aiki domin ba abin da ya gaya masa ya tsaya. Zai taka kututturen kara ya yi tafiyar kasuwa a kansa. Miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ƙashi, ƙashi ya zaizaye a hankali, yatsa ya gajarce. Wani likita mai suna Paul Brand ne ya tabbatar da wannan a Vellore ta ƙasar Indiya. Ma'anarsa kuwa babba ce: kusan duk dungun da muke gani a bakin masallacin Juma'a, jinkiri ne ya yi shi. Da an kama cutar tana tabo, da mai shi yana gonarsa da yatsunsa goma.

Me ke kawo jinkirin? Rashin sani yana ciki, amma ni ina ganin tsoro ya fi shi nauyi. Mutane da yawa sun zargi abin da ke jikinsu tun da wuri, sai dai sun san abin da zai biyo baya in aka ambaci sunansa. Wani zai ce gado ce, ya bi dangi kaf ya shafa musu. Wani zai ce jifa ce, wani ya ce an haɗa kifi da nono ne. Mai sayar da fura ta san ranar da aka ji labari ranar cinikinta zai tsaya. Uba ya san za a fasa auren 'yarsa, ko da ita lafiyarta ƙalau. Saboda haka ake fara zuwa wajen mai magani a ɓoye, a sha saiwa, a yi turare, a yi tsaga, a sayar da akuya. Asibiti shi ne zangon ƙarshe. Mace ta fi shan wahala a nan, domin tabon yakan fito a wurin da tufafi ke rufewa, ba za ta buɗe wa ma'aikaci namiji ba, ba za ta fita ba sai da izini, kuma in ta nemi izinin sai ta faɗi dalili ga mutumin da take tsoron ya sake ta.

Akwai wani abu a fiƙihunmu da ya kamata a riƙa faɗarsa a wa'azi. A mazhabar Malikiyya kuturta tana cikin aibobin da ke bai wa miji ko mata zaɓin rabuwa, wannan kowane ɗalibin zaure ya sani. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a cikin Muhtasar na Shehu Halil an tanadi jinkirin shekara guda domin neman magani in ana sa ran warkewa. Malaman da suka rubuta haka sun rayu a zamanin da warkewar ke da wuya ƙwarai. Yau kuwa mafi tsawon maganin da aka saba bayarwa wata 12 ne, mai sauƙin kuma wata 6, kuma da zarar an fara sha mutum ya daina yaɗa cutar. Shekarar da suka ware ta isa daidai. Limamin ƙauye da ya san wannan zai iya tsare auren da likita ba shi da ikon tsarewa.

Maganin nan ma ba baƙo ba ne a ƙasarmu, da jikin mutanenmu aka gwada shi. A shekarun 1930 Turawan mulki da sarakuna suka kafa sansanonin kutare a lardunan Arewa, aka damƙa wa 'yan mishan kula da su: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, sai Garkiɗa a can gabas wadda ta riga su. Abin da ake da shi a lokacin allurar man wani itacen Indiya ce, mai tsananin zafi da ƙarancin amfani. A Kudu kuma, a 1932, aka buɗe sansanin Uzuakoli a ƙasar Ibo, kuma labarin buɗe shi ne farkon gwagwarmayar masu wannan cuta da na sani a Najeriya. Wani saurayi ɗan Kalabari, Ikoli Harcourt Whyte, yana cikin majinyatan da ke kwance a asibitin Fatakwal lokacin da hukuma ta so ta sallame su ta rufe sashensu. Ya jagoranci 'yan'uwansa suka ƙi tashi sai an samar musu wurin da za a ci gaba da yi musu magani. Aka mayar da su Uzuakoli. A can ya zama mashahurin mai tsara waƙoƙin coci da harshen Ibo, kuma da aka tabbatar masa ya warke a 1949, bai bar wurin ba.

A Uzuakoli ɗin ne, a ƙarshen shekarun 1940, Dakta John Lowe ya nuna cewa ƙwayar dafson, in aka ba da ita kaɗan-kaɗan ta baki, tana warkarwa, ga araha. Wannan ya sauya komai, domin daga nan aka daina dole sai an killace mutum: a Arewa aka shiga buɗe wuraren karɓar magani a ƙauyuka, majinyaci ya zo ya karɓa ya koma gida. A can ne kuma Stanley Browne da abokin aikinsa suka gwada kulofazimin, suka fitar da sakamako a 1962. Da ƙwayar cutar ta fara bijire wa dafson shi kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a haɗa magani uku: dafson, kulofazimin da rifamfisin. Biyu cikin ukun a ƙasar nan aka tabbatar da amfaninsu. Tun 1995 ake raba su kyauta a duniya, da farko da kuɗin Gidauniyar Nippon ta Japan, daga 2000 kuma kamfanin Novartis ke ba da su. Suna zuwa a kati, na wata guda. Rana ta farko a sha a gaban ma'aikaci, sauran a gida. Rifamfisin yana sa fitsari ya yi ja, wannan ba komai. Kulofazimin kuma yana sa fata ta yi duhu na ɗan lokaci, kuma wannan komai ne ga amaryar da ba ta gaya wa kowa ba, domin kishiya da uwar miji za su tambaya. Ma'aikacin da bai yi mata bayani tun farko ba, kada ya yi mamaki in ba ta dawo karɓar kati na uku ba.

A 1998 Najeriya ta cim ma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira kawar da kuturta a matsayin matsalar lafiyar al'umma. Nasara ce ta gaske, dubban mutane sun warke. Amma a duba ma'aunin: ana nufin masu karɓar magani sun yi ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane 10,000. A ƙasa mai mutum miliyan 200, za a iya samun majinyata kusan 20,000 a ce har yanzu an kawar. 'Yan siyasa da masu rabon kasafi ba su ji sharaɗin ba, kalmar kawarwa kawai suka ji. Kuɗi ya ja baya, tsofaffin ma'aikatan da idonsu ya saba da tabon suka yi ritaya, aka yaye sababbin da wasunsu ba su taɓa ganin mai cutar ba sai a littafi. Aikin ya rataya a wuyan ƙungiyoyin agaji irin su The Leprosy Mission da Gidauniyar Damien da takwarorinsu na Holan da Jamus. A Saye ma tarin fuka ya fi ɗaukar hankali da kuɗi, kuma ba laifi ba ne, shi ke kashe mutane da yawa. Kuturta ba ta cika kisa ba, shi ya sa ba ta da hayaniya a ofis.

Abin da rashin hayaniya ke jawowa ya fito fili a 2024. Maganin kuturta ya yanke a Najeriya kusan shekara guda. Ba kuɗi aka rasa ba, tun da kyauta ne. Hukumar NAFDAC ce ta shimfiɗa sabon sharaɗin gwaji ga magungunan da ke shigowa daga Indiya, domin yaƙi da jabu, kuma niyya ce mai kyau. Amma sharaɗin ya riƙe rifamfisin ɗin da ke cikin katin, takardu suka yi ta yawo tsakanin ofisoshi, majinyata suna zuwa ana ce musu su dawo. Sai da ƙungiyar IDEA ta Najeriya, wadda waɗanda cutar ta taɓa ne da kansu ke tafiyar da ita, ta fito a kafafen labarai tare da ƙungiyoyin agaji, jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin masu kuturta, Beatriz Miranda-Galarza, ta sa baki, jaridun waje suka ɗauka, aka yi sassauci na musamman, sannan magani ya iso a watan Maris na 2025. A wannan cuta jijiyar da ta mutu ta daɗe ba ta dawowa. Cikin watannin nan akwai yaran da suka shiga layi da tabo suka fita da ƙandararren hannu, kuma duk wanda aka gano bai samu magani ba ya ci gaba da zama cikin iyalinsa da cutar a numfashinsa. Ban yarda maganin hawan jini ko na ciwon suga zai yanke shekara guda a ƙasar nan manya su yi shiru ba, domin su ma suna sha.

Mutanen yankin Saye suna da nasu ƙarin nauyin. A watan Yuli na 2021 'yan bindiga suka afka wa Saye da dare, suka shiga gidajen ma'aikatan cibiyar suka sace mutane, har da ma'aikatan jinya da ƙananan yara. Ƙauyukan Dutsen Abba sun sha irin wannan hari. Inda ake tsoron hanya, ma'aikacin da zai hau babur ya bi majinyacin da ya daina zuwa ba zai tafi ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Bahaushe bai taɓa barin kuturu ba tsari ba, wannan dole a faɗa. A manyan garuruwanmu akwai Sarkin Kutare, kamar yadda ake da Sarkin Makafi da na Guragu, yana sasanta rigima, yana karɓar baƙo, yana raba abin da aka kawo. Akwai wurin zama a bakin masallaci da ƙofar fada, akwai rabo a zakka da azumi. Wannan ya hana mutane da dama mutuwa da yunwa a lokacin da ba asibiti. Amma tsari ne da aka gina a kan sadaka, kuma mai karɓar sadaka addu'a ake jira daga bakinsa, ba a jiran ƙorafi. Karin maganarmu ma ta faɗi gaskiyar lamarin: kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Wato abin da ke hannunsa ne ke saya masa daraja, mutuncinsa na ɗan Adam bai isa ba. A 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar Sabon Garin Zariya, gwamnatin Kaduna ta hana bara a titi, sai ga makafi da guragu da kutare sun fito zanga-zanga a Kaduna cikin 'yan kwanaki. Wannan ya nuna haɗin kan yana nan, shugabancin yana nan, ana iya tara jama'a. Abin da ya dame ni shi ne ƙarfin da ya iya tashi domin kare wurin bara bai samu mai juya shi ba ranar da magani ya yanke, alhali yankewar maganin ita ke haifo mabaratan gobe.

A wasu ƙasashe an juya shi. A Japan doka ta ci gaba da killace masu kuturta har 1996, shekaru da dama bayan an san magani. Tsofaffin da aka tsare suka kai gwamnati ƙara, kotun Kumamoto ta ba su gaskiya a 2001, gwamnati ta nemi gafara ta biya diyya, a 2019 kuma iyalansu ma suka yi nasara. A Birazil ƙungiyar MORHAN, wadda aka kafa a 1981, ta matsa har aka yi dokar fansho a 2007 ga waɗanda aka killace da ƙarfi. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin hana nuna musu bambanci a Disambar 2010. Mu ma muna da abin riƙewa: dokar hana nuna wariya ga nakasassu da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ina so in ga ranar da Sarkin Kutare zai shiga sakatariyar ƙaramar hukuma da kwafin dokar nan a aljihu, tare da 'ya'yansu da suka yi karatu, su tambayi kansilan Dutsen Abba da shugaban sashen lafiya yaushe aka yi zagayen duba fata na ƙarshe a mazaɓar, kuma ma'aikata nawa ne a ƙananan asibitocinta suka san gwajin auduga. Garin da ya haifi gwagwarmayar Gambo Sawaba bai kamata ya ga wannan a matsayin rashin kunya ba.

Bukatun ma ba masu tsada ba ne. Wanda ya warke amma ƙafarsa ba ta ji, abin da zai raba shi da yankewa shi ne ya jiƙa ta a ruwa kullum, ya goge kaushi da dutse, ya shafa basilin, ya duba tafinsa da madubi kafin ya kwanta, ya samu takalmi mai taushin ciki da taurin ƙasa. Wanda idonsa ba ya rufuwa yana bukatar tabarau da rana, ƙyalle mai tsabta da dare. Matar da hannunta ya mutu tana bukatar tukunya mai mariƙin katako. Inda aka haɗa su ƙungiya suna zama mako-mako suna duba ƙafafun juna, gyambo yakan ragu, kuma daga irin wannan zama ne ake samun wanda zai fara magana da yawun saura. Akwai kuma kumburin jijiya da kan taso wa majinyaci ko yana cikin shan magani ko bayan ya gama, wanda in aka ba shi firednisolon da wuri hannunsa zai tsira. Shi ya sa sallama daga magani ba ta nufin sallama daga asibiti.

Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara wata shawara: in an gano mai cutar, a duba mutanen gidansa da maƙwabtansa, wanda ba shi da alama a ba shi rifamfisin sau ɗaya tak. Babban gwajin da aka yi a Bangaladash ya nuna hakan na rage haɗarin kamuwa da kashi 57 cikin 100 a shekara biyu na farko. A takarda abu ne mai sauƙi. A ƙauye kuwa, ranar da ma'aikaci ya tsayar da babur a ƙofar gida ɗaya ya ce a fito a duba, unguwa ta gama sanin ko wane ne, kuma sharaɗin aikin shi ne sai majinyacin ya yarda. Da yawa ba za su yarda ba, kuma suna da hujja. Dabarar da ake gwadawa a wasu ƙasashen Afirka ita ce a kira taron duba cututtukan fata gaba ɗaya, a makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa, mai ƙazwa ya zo, mai maƙero ya zo, mai ƙyasbi ya zo, a ware ɗaki da ma'aikaciya mace domin mata. A cikin layin mutum ɗari ba mai sanin don wa aka zo. A mazaɓa irin Dutsen Abba wannan yana bukatar yardar dagaci, sanarwar liman bayan sallar Juma'a, man babur, da ma'aikata biyu ko uku daga cikin waɗanda ake horarwa a Saye.